Fulawar Jikin Bango

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, kuma har furfura ta fito mani ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Wanda ya tashi a cikin birnin Katsina ba zai yi mamaki ba. Kunyar ɗan fari ce, haka ta tarar ana yi, haka ita ma ta yi. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata a Ƙofar Durbi. Can na tashi a cikin kawunnaina, na ji suna ce mata Yaya, ni ma bakina ya kama. Ƙannena da suka tashi a gabanta a gidanmu na Ƙofar Sauri su ne masu ce mata Inna. In tana nemana sai ta ce da ɗayansu, "Ku ce ma babbanku shi zo." In kuwa daga ni sai ita, sai ta kawar da kai ta ce "kai", ta faɗi abin da za ta faɗa tana duban wani wuri.

Matan unguwa suna yaba mata a kan wannan, suna cewa irinta sun yi ƙaranci. Ni dai ban taɓa yabawa ba. Abin yana ci mani rai tun ina zuwa gaishe ta ran Juma'a da 'yar hulata, bai kuma daina ba bayan na yi aure na haifi nawa. Na san al'ada ce, na san ba ƙi ba ne, an gaya mani sau ba adadi. Sanin bai hana ni son in ji ba, ko da sau ɗaya ne.

Abin da ya ƙara mani ciwo shi ne mahaifiyata ba mai rowar suna ba ce. A bayan rijiyarmu, inda ruwan wanke-wanke yake gangarawa, tana da ɗan lambu na tsofaffin bokitai da fasassun tukwane da gwangwanayen tumatir, kuma babu abin da ya tsiro a wurin da ba ta san sunansa da dalilin sunan ba. In ta karya karan nonon kurciya sai ta nuna wa ƙannena farin ruwan da yake fitowa, ta ce ga nonon nan. Akwai bini-da-zugu a ta bayan ɗakin girki, ta hana kowa taɓa 'ya'yansa. Ta ce zugu shi ne farin ƙyallen da ake yin likkafani da shi a da, wanda kuwa ya cika cikinsa da 'ya'yan nan sai dai a bi shi da zugu. Gwandar da muke sha gwandar Masar take ce mata, don a bambanta ta da ta daji, ta ce ta hanyar gabas ta zo, ita da masara. In ta murtsuke ganyen kafi-amarya-ƙamshi a yatsunta, sai ta kai hancin kowane yaro ɗaya bayan ɗaya. In an zo kaina sai ta miƙa wa wanda yake kusa da ita ya miƙo mani.

Waɗannan duk sun zo da sunayensu tun kaka da kakanni. Amma akwai waɗanda suka shigo gari ba suna, irin waɗanda ake gani a gidajen manyan ma'aikata da harabar ofisoshi. Kowa fulawa yake ce masu, in ya matsa ya ce ja ko fara. Ita wannan bai ishe ta ba. Ta ce abin da kake ba ruwa safe da yamma bai kamata ya zauna ba suna ba. Don haka duk wanda ya kawo mata reshe ko iri, sunansa ya hau kan abin ke nan. Muna da ta matar Liman, mai ruwan ɗorawa. Muna da ta Ungozoma. Muna da na Direba, wani mai faɗin ganye da maƙwabcinmu ya zo da shi daga Kudu a bayan motarsa. Akwai kuma wata mai jan fure da autarmu ta tsinko a makarantarsu, wadda ake kira da sunan autar na yanka, ba ɓoyo ba kwana-kwana. Sai in zo gaisuwa in ji mahaifiyata tana cewa, "An ba wance ruwa?" Ba wanda ya san ina jin wani abu, ni kuwa kishi nake yi da gwangwanin tumatir.

Ban sani ba ko wannan lambun ne ya kai ni karatun ilimin tsirrai a jami'a, na dai fi zaton shi ne. A can na tarar kowane tsiro yana da suna mai kalma biyu da harshen Latin, ta farko ta danginsa, ta biyu tasa shi kaɗai. Abokan karatuna hadda kawai suke yi don jarrabawa. Ni kuwa halin gida ya bi ni, sai na tono dalili. Tsamiya suna ce mata *Tamarindus*, ashe Larabci ne aka lanƙwasa, dabinon ƙasar Hindu. Bedi, wanda Kanawa suke ce wa darbejiya wasu kuma dogon yaro, sunansa *Azadirachta*, daga harshen Farisa, wai itace mai 'yanci. Tumfafiya da muka raina, wadda ko akuya ba ta damu da ita ba, sun kira ta *Calotropis*, wato kyakkyawan gindin kwalekwale, saboda wata siffa da ke tsakiyar furenta. Na je na tsinko furen na sa a ƙarƙashin gilashi, na ga abin da suka gani. Da na zo kan lalle sai na yi tsaye. Kalma ta biyu tana nufin marar makami, saboda ƙaramin lalle ba shi da ƙaya. Ta farko kuwa sunan wani likita ne Bature, wanda ina shakkar ko ya taɓa ganin lalle a hannun amarya. Na ci gaba da dubawa na tarar irinsu da yawa, furanni riƙe da sunayen mutanen da suka daɗe da mutuwa. Abin da mahaifiyata take yi a bayan rijiya, shi manyan masana suke yi da alƙalami.

Da na zo hutu na ba ta labari. Tana zaune tana tsige zogale a faranti, autarmu tana taya ta. Ni nake magana, amma autar take wa tambaya.

"Tambaye shi, shi likitan shi ya kawo masu lallen?"

Na ce a'a, abokin mai raɗa sunan ne, ya taɓa taimakonsa.

"To da sauƙi, an san alheri. Shi mai raɗa sunan ba shi sa nashi?"

Na ce ba a yi. Abin kunya ne a wurinsu mutum ya laƙaba wa tsiro sunan kansa, sai dai wani ya yi masa.

Ta yi 'yar dariya tana duban faranti. "Ashe su ma suna da kunya."

A ranar ne dabara ta faɗo mani, sai dai ban aiwatar ba sai bayan na gama karatu na dawo gida na kama koyarwa a wata kwaleji. A harabar kwalejin akwai wata fulawa mai hawa bango, mai ƙaya, wadda take rufe kanta da ja mai duhu kamar ruwan zoɓo, ta fi kuma yin haka a lokacin da komai ya bushe. Abin da ake gani ja ɗin ma ba fure ba ne, ganye ne siriri kamar takarda, ainihin furen ɗan fari ne ƙanƙane a tsakiya. A littafi tana ɗauke da sunan wani Bafaranshe matuƙin jirgin ruwa. Na bincika iyakar bincikena, na tambayi tsofaffi da masu sayar da magani a Babbar Kasuwa, ban sami wanda ya san mata suna da Hausa ba. Babu irinta a lambun mahaifiyata. Na yanki reshe, na raine shi a leda har ya yi saiwa, na ɗauka na nufi Ƙofar Sauri wata Juma'a da la'asar, lokacin da na san ƙannena duk suna nan.

Bayan gaisuwa na ajiye ledar a gabanta na ce na kawo mata. Ta duba ganyen, ta taɓa ƙayar da ɗan yatsa. Ta ce da autar, "Mi ake ce mata?"

Na ce, "Ba ta da suna da Hausa, Yaya. Na nema ban samu ba."

Ƙannena sun gane, ita ma ta gane, don na ga hannunta ya tsaya a kan ganyen. Ƙa'ida tata ce, ba wanda ya sa mata: wanda ya kawo, sunansa ke hawa. Autar ta rufe baki da gyale tana danne dariya. Sai mahaifiyata ta janye hannunta ta ce, "A kai ta can jikin bango, tunda mai hawa ce."

Sunan da ta samu ke nan, ta jikin bango. Autar ta yi ƙoƙari, ta ce, "Inna, ko mu riƙa cewa ta babbanmu?" Mahaifiyata ta harare ta, ta ce ta tashi ta duba tukunya. Ko wannan ɗin ya yi mata yawa, a ce kullum a gaban mutane tana ba wani abu ruwa da sunan nawa ne. Na koma gida ranar raina a ɓace, na ƙi cin abinci, matata ta rasa abin da aka yi mani, ni kuma na ji nauyin in faɗa.

Fulawar ta kama. Cikin 'yan shekaru ta haye bangon, ta leƙa titi, har masu kwatance suka fara cewa gidan mai jar fulawa. Na taɓa yin magana sau ɗaya, bayan rasuwar mahaifinmu, ranar da na tarar da ita ita kaɗai tana rage mata rassa da tsohuwar wuƙa. Na ce, "Yaya, kowace fulawa a gidan nan tana da mai ita, ban da wannan."

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Kai dai boko ya cire maka ta ido. Matsa, ƙaya na nan."

Na matsa. Ban sake tayar da maganar ba.

Akwai wata bazara da rijiyarmu ta ƙafe, aka koma sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa. Lambun ya sha wuya. Na Direba ya bushe, ta matar Liman ta rage 'yan tsinke. Autar ta ja ni gefe ta ce in duba gindin ta jikin bango. Na duba na ga danshi. Ta ce mahaifiyarmu a nan take yin alwala, salla biyar, ta ɗauko butarta ta tsallake duk sauran ta zo nan ta tsuguna. Ta ce, "To me kake so kuma? Ai ka ga amsarka." Na ce da ita ni ba ruwan alwala na roƙa ba. Na san magana ce ta rashin godiya, amma haka nake ji, haka kuma na faɗa. Irin wannan fulawar ma ba ta bukatar ruwa sosai, na sani, aikina ne. Da ta bar ta da ƙishi ta kira ta da sunana, da ya fi mani.

Haka shekaru suka tafi. Ta je Makka ta dawo, unguwa ta koma ce mata Hajiya. 'Ya'yana suka girma, har babbar ta yi aure. Ni kuma ina aji ina koya wa ɗalibai sunaye masu kalma biyu, ina gaya masu asalin kowanne, ina faɗa da su in sun rubuta ba daidai ba. Suna ce mani Malam, abokaina suna kirana da laƙabin da kakata ta sa mani, a gida ni ne Baba. Sunana na yanka, wanda aka raɗa mani ranar suna, ya koma na takarda kawai. Kakata da mahaifina da suke kirana da shi wani lokaci duk sun tafi. Na fara haƙura, ko kuwa in ce na gaji.

Sai gigin tsufa ya kama ta. Da farko mantuwa ce irin ta kowa, ta ajiye carbi ta neme shi, ta sake tambayar abin da aka amsa mata yanzu. Daga baya ta fara rikita jikoki, ta kira wannan da sunan wancan, ta tambayi mahaifinmu ko ya dawo daga masallaci. Autar, wadda mijinta ya rasu, ta dawo gida da zama don ta kula da ita. Likita ya ce abin ba ya komawa baya, sai dai a lallaɓa. Abin da ya rage mata daram shi ne salla da lambu. Ba ta iya ɗaukar bokiti, amma da sandarta take zagayawa tana nuna wanda za a ba ruwa.

Kullum in na tashi daga kwaleji sai na biya. Wata rana ta gane ni, in ga ta kawar da kai ta ce "kai", sai in ji sanyi a raina. Ban taɓa zaton zan yi murna da wannan kawar da kan ba. Wata rana kuma sai ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tana da lafiya, in san yau ba ta san ni ba.

A bazararta ta ƙarshe ne, wata Laraba bayan la'asar, na yi sallama na shiga na tarar da ita a kan tabarma a inuwar bango. Autar tana ɗakin girki. Da ta gan ni sai ta jawo mayafi ta rufe kanta, ta gyara zama.

"Maraba, Malam. Sannu da zuwa. Ina wuni? Ina gajiya? An zo lahiya? Ya mutan gida? Ya zahi?"

Na durƙusa na amsa ɗaya bayan ɗaya. Ta sake jero su, na sake amsawa. Ta ƙwala wa autar kira ta ce a kawo wa baƙo ruwa. Autar ta leƙo, muka haɗa ido, ta koma.

"Malam daga ina?"

Na ce daga nan cikin gari.

"Ka zo ganin hulawa ko? Kowa ya zo sai ya tsaya kallo. Kama ni in nuna maka."

Ta miƙo hannu. Na kama shi. Tun da na yi wayo ban taɓa riƙe hannunta ba sai ranar, ba shi da nauyi ko kaɗan. Muka tafi a hankali, ita da sanda ni da hannunta. Ta nuna mani nonon kurciya ta ce in karya in gani, na karya. Ta nuna mani ta matar Liman, ta ce Allah ya ji ƙanta, mace ce mai kyauta. Ta Ungozoma ma ta yi mata addu'a. Ta tsaya a kan wani bokiti da ba komai a ciki sai busasshiyar ƙasa, ta ce na Direba ne, yana hutawa. Ta faɗi ta autar da sunanta. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba.

Muka iso jikin bango. Fulawar ta yi ja har ba a ganin ganye, wanda ya zubo ya rufe ƙasa. Ta ɗaga kai tana kallo, ta daɗe. Sannan ta waiga dama da hagu, ta duba ƙofar ɗakin girki, ta jawo hannuna ta rage murya.

"Wagga kuwa," ta ce, sai ta faɗi sunana.

Sunana na yanka, cikakke, ba ta gutsure ko harafi ba. Ya fito mata a sauƙaƙe kamar wanda baki ya saba da shi. Na dafa bango, ƙaya ta soke ni ban ji ba sai daga baya. Ta ga ban amsa ba, ta ɗauka ban ji ba ne, ta sake faɗa.

"Ɗana ne," ta ce. "Na hwari. Shi ya kawo mani ita cikin leda, tana 'yar ƙarama. Malami ne babba, shina koya ma yara sunayen itace, har na Turawa duk ya sani. Tun shina ƙarami haka yake, in ina ma ƙannenshi bayani shina can gehe ya kasa kunne, shina zaton ban ganin shi." Ta yi murmushi. "Ga zuciya. Bai samo ta a ƙasa ba, tawa ce."

Na so in ce Yaya ni ne. Maganar ta zo har bakina. Amma na san in ta gane ni za ta saki hannuna ta kawar da kai, kunya kuma ta kama ta a kan abin da ta riga ta faɗa, ba ta da ƙarfin ɗaukar wannan. In kuma ba ta gane ni ba, na tsorata ta a banza. Abin da na jira tun ina yaro ya zo, an ba ni shi don ana zaton ni wani ne. Na yi farin ciki, na kuma ji baƙin cikin da ban taɓa jin irinsa ba, hawaye suna zuba ban iya tare su ba, hannuna ɗaya yana bango ɗaya yana nata.

Ta dube ni da kyau. "Malam ka san shi ne?"

Na ce na san shi.

Sai ta ƙara matse hannuna, fuskarta ta canza kamar yarinyar da ta yi ɓarna.

"To don Allah in ka gamu da shi, kada ka hwaɗa mashi na hwaɗi."

Na share fuskata da hannun riga. Na ce, "Ba zan faɗa masa ba, Hajiya."

Ta ce Allah ya yi mani albarka, in maida ta tabarma ƙafarta ta gaji.